Cin abinci a waje da cutar siliyak: yadda muke yi a Kumasi

'Yata ta biyu tana da cutar siliyak, don haka alkama da sha'ir da duk abin da aka yi da su ba sa shiga bakinta. A cikinsu akwai wani sinadari, gulutin, wanda da ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jikinta ta far wa hanjin, ta lalata 'yan tsirogan da ke tsotse amfanin abinci. Abin da ke biyo baya shi ne zawo, kumburin ciki, ƙarancin jini da rashin girma. Maganinta ɗaya ne: barin gulutin har iya rayuwa. Masu cewa ciwon Turawa ne su sani kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da shi, kuma binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu fiye da kashi 5 cikin 100.

Mu a Zango Allah Ya yi mana sauƙi, domin asalin abincinmu babu alkama a ciki. Tuwon zafi da miyar ayoyo, tuwon shinkafa, fufu, banku, kenke, dafaffiyar doya, kelewele, koko da ƙosai, fura da nono, duk daga masara, gero, rogo, doya, shinkafa, wake, ayaba da nono suke. Matsalar tana cikin ɗan abin da aka ƙara, da kuma cokali ko man da ya taɓa fulawa. Can nake sa ido.

Mu fara da waakye, wato shinkafa da wake da ake zuba wa taliya da garin rogo, tunda shi ne abincin safen rabin unguwannin Aboabo da Asawase. Shinkafa da waken lafiya lau ne, amma taliya fulawa ce zalla, kuma mai sayarwa da hannu ɗaya ko cokali ɗaya take ɗibar taliya, ta koma gari, ta koma shinkafa. Cewa "kar a sa taliya" bai wadatar ba. Ina zuwa da sassafe, lokacin da aka buɗe tukunya, da kwanona da cokalina, in ce: "Hajiya, ina kwana. Yarinyar nan likita ya hana ta fulawa, ko ɓurɓushi yana kwantar da ita. Don Allah ki ɗebo mata da wannan cokalin, daga gefen da ba a taɓa ba." Ban cika ambatar gulutin ba, don ba kowa ya san kalmar ba, amma kowa ya san fulawa, kowa kuma yana girmama maganar likita. Idan kun sami mai abinci ɗaya da ta fahimta, ku riƙe ta. Gara ku zama 'yan gida a wuri biyu ko uku da ku riƙa bayani kullum a sabon wuri.

Wurin mai koko tambaya ɗaya ce: a wane mai aka soya ƙosan? Ƙosai wake ne, amma pinkaso da bofrot fulawa ne, kuma sau da yawa kasko ɗaya suke shiga. Wuta ba ta kashe gulutin, komai zafin man. In kasko ɗaya ne, mu sayi koko mu ci da gyaɗa. Masa da ɗanwake ma sai an tambaya, don wasu na ƙara fulawa a ƙullu. Haka soyayyen kifi, akwai masu barbaɗa masa fulawa kafin ya shiga mai.

Teburin mai shayi ya fi ko'ina ba ni tsoro. Burodi ake yankawa a kai tun asuba, kaskon da ake soya ƙwai a cikinsa ake danna burodin. Milo kuma da sha'ir ake yinsa, haka Malta Guinness da sauran lemukan malt da ake rabawa a biki a matsayin abin girmama baƙo. Mutane da yawa ba su san wannan ba. Zoɓo, ruwan kwakwa ko shayin ganye da madara sun ishe mu.

Tsire nama ne da yaji, amma ku tambayi mai tsiren ko shi ya haɗa yajinsa, da abin da ya zuba. Ku duba kuma ko yana gasa tsiran alade na kanti, wato sosej, ko ɗumama burodi a kan waya ɗaya da naman. Sosej sau da yawa akwai fulawa a cikinsa. Dunƙulen ɗanɗano da garin miya na leda kuwa kowane kamfani da haɗinsa, wasu da alkama wasu babu, sai an karanta bayan leda. Na ɗauki hoton waɗanda na tabbatar da su a wayata, ina nuna wa mai girki.

A manyan gidajen abinci na Adum ko Ahodwo, kada ku tsaya ga mai kawo faranti. Ku nemi mai girkin, kuma ku je lokacin da babu cunkoso. Soyayyar shinkafa yawanci da baƙin ruwan waken suya ake haɗa ta, shi kuwa galibi da alkama ake yinsa. Soyayyen dankali na iya fitowa daga man da aka soya kazar da aka shafe da fulawa. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne gasasshen kifi da banku, ko farar shinkafa da miyar da aka gaya muku abin da ke cikinta. Kayan gwangwani da na leda da aka rubuta babu gulutin a kansu, ƙa'idar duniya ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Wannan ya nuna muku ƙanƙantar abin da ake magana a kai.

Inda abin ya fi ciwo shi ne cikin dangi: suna, aure, buɗa-baki, yawon Salla. A wajenmu ƙin cin abincin mutum kamar ƙin mutumin ne, sai ka ji gwaggo na cewa, "Haba, loma ɗaya me za ta yi mata?" Loma ɗaya tana ɓata hanji, ko da ba a ga alama a ranar ba. Shi ya sa nake kiran uwar biki tun ana saura kwanaki, in yi mata bayani a natse, in roƙa a ɗebar wa yarinyar nata kafin a juye taliya ko a jera cincin da alkaki a tire. In ba zai yiwu ba, na zo da kularmu, ta zauna cikin 'yan uwanta ta ci tare da su. Ba na yarda a ware ta gefe.

Ku masu karɓar baƙi, abin da muke so bai da tsada: tukunya wankakka, cokalinta daban, murfi a kai, a kuma faɗi gaskiyar abin da aka zuba. "Ban tabbata ba" ta fi mana amfani da "babu komai, ci kawai". Idan garin tuwon daga injin niƙa na kasuwa ya fito, ku tambaya ko ana niƙa alkama a wurin.

Wanda kuma ya karanta wannan ya ga alamun a jikinsa ko a ɗansa, kada ya bar fulawa tukuna. Gwajin jini da na hanji ba sa nuna cutar sosai sai mutum yana cin gulutin. A fara ganin likita, a nemi a tura ku babban asibiti irin Komfo Anokye. Idan aka tabbatar, a gwada iyaye da 'yan uwan da suke ciki ɗaya, domin kusan 1 cikin 10 daga cikinsu kan kasance da ita.