Yadda za ka sa hedifon ya ba da sautin 7.1 a Linux

'Yan uwa sun yi ta tambaya yadda ake samun sautin 7.1, wato sautin da ke kewaye mutum kamar daga lasifika takwas, to ga matakan. Na masu PipeWire ne, wato manhajar da ke sarrafa sauti a Linux.

1. Buɗe Terminal ka rubuta pactl info. Sai ka ga sunan PipeWire za ka ci gaba.
2. Samo fayil ɗin sauti na HeSuVi (manhajar da ke kwaikwayon sautin 7.1 a hedifon), WAV mai tashoshi 14.
3. Buɗe sabuwar folda: ~/.config/pipewire/pipewire.conf.d/
4. Kwafo sink-virtual-surround-7.1-hesuvi.conf daga /usr/share/pipewire/filter-chain/ ka zuba a ciki.
5. Duk inda ka ga hrir_hesuvi/hrir.wav a cikinsa, sauya shi da cikakken adireshin fayil ɗinka na WAV.

Hattara: nan aka fi tuntuɓe. Fara adireshin daga /home, kada ka sa alamar ~. Layi ɗaya ka tsallake, wani ɓangaren sautin zai ɓata.

6. A Terminal, rubuta systemctl --user restart pipewire
7. A pavucontrol (manhajar saita sauti), zaɓi Virtual Surround Sink.
8. Rage ƙara tukuna, don Allah, kunne ba ya da madadi.
9. A Terminal, gwada da speaker-test -c 8 -t wav

In wasan kwamfuta kake yi, saita sautinsa a 7.1, ba hedifon ba, kada a tace sautin sau biyu.