Asibitin Jami'a a Ingila: Ka Yi Rajista Tun Jikinka Garau

Wanda ya sauka a Ingila a watan Satumba da bizar karatu, abubuwa uku ne a ransa: ɗaki, asusun banki da layin waya. Likita shi ne na ƙarshe, in ma an tuna da shi. To ɗan'uwa, ni da na riga ka zuwa, shawarata ita ce ka sa shi cikin ayyukan makon farko. Tun ran gini ran zane.

A nan ba a tafiya babban asibiti a yanki kati a bi layi kamar yadda muka saba. Ƙofar shiga ita ce likitan unguwa, wanda ake kira GP, kuma shi ne zai tura ka wurin ƙwararre in da buƙata. Abin da ake ce wa asibitin jami'a yawanci ofishin GP ne na hukumar lafiya ta NHS, a cikin makaranta ko a gefenta. Fom ne za ka cika, sau da yawa ta intanet, daga baya a ba ka lambar NHS mai alƙaluma 10. Ba za ka biya ko sisi don ganin likita ba, domin ka riga ka biya tun wurin neman biza: fam 776 a kowace shekara ga ɗalibi, tun daga Fabrairun 2024. Duk wanda ya canza wannan kuɗi daga naira ya san zafinsa, don haka kada ka ji nauyin zuwa.

Samun lokacin ganin likita sai da naci. A wurare da yawa ƙarfe takwas na safe ake buɗe waya ko fom ɗin intanet, kafin ka sha shayi guraben ranar sun ƙare. Mai karɓar waya za ta tambaye ka me ke damunka. Ba tsegumi ba ne, da amsarka ake tantance wanda za a gani yau da wanda zai jira mako biyu.

A nan ne tarbiyyarmu take kayar da mu. Mu an koya mana ko ciwo ya kai ko'ina, in an ce ya jiki, a ce da sauƙi. Ranar da na fara zuwa, kwana huɗu ban runtsa ba saboda ciwon ciki, amma da likitar ta tambaye ni sai na murmusa na ce ba laifi, abin ya ɗan lafa. Ta yarda da ni, ta rubuta haka, ta ce in dawo in ya ƙi. Ban ga laifinta ba. Minti goma ne kawai ake ba kowane maras lafiya, babu lokacin gaisuwa da kewaye-kewaye, kuma ba za ta yi maka lallashin gwaggo ba har ka faɗi gaskiya. Tun daga lokacin nake rubuta abin da zan faɗa a cikin wayata kafin in shiga: yaushe ya fara, a ina yake, me na sha, me ya hana ni yi. Babbar matsalar nake fara faɗa, ba ƙarama ba. In Turancin ya yi maka sauri, ka ce a maimaita; akwai ma damar neman tafinta kyauta, sai dai a faɗa tun wurin neman lokaci.

Maganar da ta fi kowace muhimmanci ita ce zazzabi. Likitan nan in ya ji zazzabi da ciwon kai a watan Oktoba, mura ce za ta fara zo masa, domin sababbin ɗalibai sun saba kwasarta a makonnin farko. Kai ne za ka ce masa daga Najeriya ko Nijar ka zo kwanan nan, kana son a gwada maka maleriya yau. Haka za ka yi ko da bayan watanni ne, har zuwa shekara guda da dawowa daga gida. Kada ka ce ai mun saba da ita. Garkuwar da jiki ya samu a gida tana raguwa in mutum ya daɗe a waje, shi ya sa wanda zai je hutun sallah ya kamata ya nemi maganin rigakafi kafin tafiya. Kuma babu kemis ɗin da zai sayar maka da maganin maleriya na jinya ba tare da takardar likita ba. Ko fanadol, a kanti ba ya wuce ƙwaya 16 a kwali.

Takardar magani a Ingila ana biyan fam 9.90 ga kowane magani ɗaya, amma a Scotland da Wales kyauta ne. Mai ciwon suga da ke kan magani da mai farfaɗiya suna iya samun takardar yafewa. Abin mamaki, sikila ba ta cikin jerin. Mai shan magani kullum ya sayi takardar biya ta shekara, fam 114.50, ta ɗauke masa komai. Mai sikila kuwa ya faɗa tun ranar rajista a haɗa shi da likitocin jini, kafin sanyin Disamba ya tayar masa da ciwo.

Za su tambayi katin rigakafinka. In kana ƙasa da shekara 25 kuma karon farko ke nan a jami'a, allurar sanƙarau ta MenACWY kyauta ce. Ka karɓa ko an yi maka a gida, domin wadda aka yi ta yi a Arewa a farkon shekarun 2010 ta nau'in A ce kaɗai. Haka ta ƙyanda da hangum, sau biyu ake so.

'Yar'uwa, kina da damar cewa likita mace kike so, ko a sa wata ta tsaya a ɗakin yayin da ake duba ki. Abin da kika faɗa ba ya zuwa kunnen malamanki, ko mai ɗaukar nauyin karatunki, ko iyaye, sai fa in rai na cikin haɗari. Wannan ya haɗa da ciwon da ba ma son ambata: rashin barci, damuwa, kaɗaicin da ke sauka in rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu. Addu'a da zuwa wurin likita ba sa karo.

In rashin lafiya ta zo lokacin jarrabawa, ka je a gan ka a lokacin. Likita ba ya son rubuta shaida kan ciwon da bai gani ba, kuma wasiƙar kanta wani lokaci sai an biya.

In ofis ya rufe, ka kira 111, dare da rana, kyauta. In numfashi ne ya ɗauke, ko ciwon ƙirji, ko suma, 999 kai tsaye. Haƙori kuwa ba aikin GP ba ne, ana biya, kuma samun likitan haƙori mai karɓar sababbin mutane a tsarin NHS yana da wuya. In har yanzu kana gida, ka cike ramin nan ka kuma yanko tabarau biyu kafin ka hau jirgi.