Yadda iyaye za su kafa ƙungiyar taimakon yara masu naƙasa

Duk wanda ya tambaye ni ta ina ake farawa, labarin Judy Fryd nake ba shi. Wata uwa ce a Ingila, 'yarta Felicity tana da lalurar jinkirin fahimta, makaranta ta ƙi riƙe ta. A 1946 ta rubuta wasiƙa zuwa mujallar Nursery World tana neman iyaye masu irin damuwarta. Suka amsa, suka haɗu. Wannan haɗuwar ce ta zama ƙungiyar Mencap, mai taimakon masu irin wannan lalura. Ba ta fara da ofis ko kuɗi ba, da iyaye ta fara.

To ke ma 'yar'uwa, fara da neman iyayen. Nan ne aikin yake, domin da yawa a cikin ɗaka ake ɓoye yaran saboda gori da surutun mutane. Kada ki yi shela a lasifika. Bi ta hannun ungozoma, malamar Islamiyya, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, ki shiga gida-gida da sallama. Mai unguwa ya san da zancen tun farko. Idan garinku akwai sarkin makafi ko sarkin guragu, a je a gaishe su, sun san gidajen da ba ki sani ba.

A zaman farko a bar iyaye su yi magana. Wata keken guragu take nema, wata kuɗin maganin farfaɗiya, wata kuwa so take a riƙe mata yaron na awa biyu ta je kasuwa. Wannan na ƙarshen kada a raina shi, shi ne abin da 'yan sa-kai za su iya yi gobe ba tare da ko sisi ba.

Kuɗi kuma, a sa littafi da masu sa hannu biyu tun daga naira ta farko. Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta biyo baya. Hoton yaro kuwa ba a ɗauka don neman taimako sai da yardar iyayensa. Ni dai na fi son a bar shi gaba ɗaya.

Sai batun makaranta. A Ingila sai a 1970 aka yi dokar da ta daina ware irin waɗannan yara a matsayin waɗanda ba sa koyuwa, bayan iyaye sun daɗe suna matsawa. A Najeriya dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare. Ku nemi kwafinta, ku tafi da shi wurin hedimasta, iyaye uku ko huɗu tare, ranar da ake ɗaukar sababbin ɗalibai.