Yadda za ka bi ƙudurin doka a majalisar Nebraska har ka zauna ka faɗi ra'ayinka

Na shekara uku a Linkon, babban birnin jihar Nebraska, kafin na san cewa doguwar hasumiyar nan ta ginin majalisa da nake wucewa a hanyar aiki ƙofarta a buɗe take ga kowa, kuma a cikinta akwai kujera da makirufo da aka tanada domin mutum irina. Abin da ya kai ni shi ne wani ƙuduri a kan haƙƙin masu haya, a shekarar da mai gidan da muka tashi daga cikinsa ya riƙe mana kuɗin ajiya ba tare da hujja ba. Na je, na yi magana ta minti uku, sanatoci biyu suka yi mini tambaya, aka rubuta duk abin da na faɗa a kundin majalisa. Tun daga lokacin kowace shekara sai na koma. Ga yadda ake yi, ɗan'uwa, kamar yadda na koya da ƙafata.

Kafin ka taka ƙofar, ka san gidan da za ka shiga. Nebraska ta zama jiha ta 37 a Amurka ranar 1 ga Maris, 1867, kuma shigarta ma da rigima ta zo. Kundin tsarin mulkin da ta gabatar ya keɓe ƙuri'a ga fararen fata maza kaɗai, majalisar tarayya ta ce sai an janye wannan sharaɗi, Shugaba Andrew Johnson ya hau kujerar naƙi a kan dokar shigar da ita, majalisa ta tsallake shi da rinjaye. Kundin tsarin mulkin da ake aiki da shi yau na 1875 ne, ya sha gyare-gyare, mafi yawa a lokaci guda su ne guda 41 da jama'a suka amince da su a 1920.

Amma gyaran da ya shafe ka kai tsaye na 1934 ne. Sauran jihohi 49 duk majalisa biyu gare su, ta wakilai da ta dattawa. Nebraska guda ɗaya tak. Wanda ya yi tsayin daka a kan haka shi ne George Norris, sanatan jihar a majalisar tarayya. Ƙorafinsa a kan abu ɗaya ya fi tsayawa: idan majalisu biyu suka saɓa a kan ƙuduri, 'yan mutane kaɗan ne daga kowane ɓangare ke shiga ɗaki su rufe ƙofa su daidaita, ba wanda ya san wa ya sa me, wa ya cire me. Ya ce a nan ake yanka talaka. Lokacin kuma ana fama da karayar tattalin arziki, rage kashe kuɗi ya shiga kunnen manoma. Kusan kashi 60 cikin 100 suka amince, sabuwar majalisa ta fara zama a 1937 da mambobi 43 a maimakon 133. Yau su 49 ne, ana ce musu sanatoci, wa'adinsu shekara huɗu, ba sa wuce biyu a jere. A takardar zaɓe ba a rubuta jam'iyyar kowa kusa da sunansa, duk da cewa kowa ya san inda kowa ya karkata.

To idan babu majalisa ta biyu, wa zai taka wa ta farko birki? Mutanen jihar suna da amsa, za ka ji ta a bakinsu kullum: jama'a su ne majalisa ta biyu. Ni na yarda da wannan magana, amma da sharaɗi. Tana zama gaskiya ne a ranar da mutane suka cika ɗakin. Ranar da ba su zo ba, masu kamun ƙafa na kamfanoni suna nan a farfajiya, ba sa fashi.

Abu na farko, ka san sanatanka. Shiga shafin majalisar, nebraskalegislature.gov, akwai wurin da za ka rubuta adireshin gidanka ya nuna maka mazaɓarka da sunan wanda ke wakiltarta da lambar ofishinsa. Albashin sanata dala 12,000 ne a shekara, adadin da aka tsayar tun 1988, don haka yawancinsu manoma ne, ko lauyoyi, ko 'yan kasuwa, ko waɗanda suka yi ritaya. Ofis ɗin ma'aikata kaɗan ne. Ka kira, ka gaisa da mai taimaka masa a kan dokoki, ka riƙe sunansa. Sau da yawa shi ne zai fara karanta wasiƙarka.

Sai kalanda, wadda ita ce ke kayar da yawancin mutane. Ana buɗe zama ranar Laraba ta farko bayan Litinin ta farko a watan Janairu. A shekara mai lambar mara, kamar 2025, kwanakin zama 90 ne, a nan ake tsara kasafin shekara biyu. A mai lambar cika, kwana 60. Kuma sanatoci suna gabatar da ƙudurorinsu ne a kwanaki goma na farko na zama. Ma'ana, idan kana da wata matsala da kake so a mayar da ita ƙuduri, zuwa a watan Fabrairu ihu ne bayan hari. Ka nemi sanatanka tun Satumba ko Oktoba. Ƙudurin da bai kammala ba a shekarar dogon zama yana tsallakawa zuwa ta gaba, amma da an rufe gajeren zama, duk abin da ya rage ya mutu.

Kowane ƙuduri yana da lamba da ke farawa da LB. Da ka samu lambar, ka buɗe shafinsa ka karanta abu uku. Na ɗaya, takardar da sanatan ya bayyana manufarsa, gajeriya ce. Na biyu, ƙiyasin kuɗin da dokar za ta ci, domin ƙuduri mai tsada yakan maƙale ko da kowa na son sa. Na uku, ƙudurin kansa. Kada yawan shafuka ya tsorata ka. Rubutun da aka ja wa layi a ƙasa shi ne sabo, wanda aka soke da layi a tsakiya shi ake son cirewa, sauran duk tsohuwar doka ce. Na taɓa karanta ƙuduri mai shafi da yawa wanda duk canjinsa bai wuce jimla biyu ba, kuma a jimla biyun nan maganar take.

Yanzu ga inda ya fi muhimmanci. A Nebraska kusan kowane ƙuduri sai an yi masa zaman jin ra'ayin jama'a a gaban kwamiti, kuma dole a sanar da ranar aƙalla kwana bakwai kafin ta zo. A jihohi da yawa shugaban kwamiti na iya jefa ƙuduri a aljihun tebur ba wanda ya ji labarinsa. A nan sai an saurare shi. Maganar haya tana zuwa kwamitin shari'a, ta haraji kwamitin kuɗaɗen shiga, ta makarantu kwamitin ilimi. Yawancin zaman da ƙarfe ɗaya da rabi na rana ake farawa. Ba a tambayar ka katin zaɓe a bakin ƙofa. Na ga ɗalibai sun yi magana, na ga tsofaffi a keken guragu.

Ka isa da wuri. A kan tebur kusa da ƙofa akwai takarda ta masu ba da shaida. Ka cike ta da sunanka, da lambar ƙudurin, da matsayinka: goyon baya, adawa, ko tsaka-tsaki. Sanatan da ya kawo ƙudurin ne ke buɗewa, sai masu goyon baya, sai masu adawa, sai 'yan tsaka-tsaki, sannan ya rufe. Idan layinka ya zo, ka miƙa takardar ga magatakarda, ka zauna, ka faɗi sunanka sannan ka jero haruffansa ɗaya bayan ɗaya domin masu rubutawa. Ga mu masu sunayen da kunnensu bai saba da su ba, ka yi wannan a hankali. A gabanka akwai fitilu uku. Kore, ci gaba. Rawaya, saura minti ɗaya. Ja, ka tsaya. Galibi minti uku ne ko biyar, shugaban kwamiti ne ke yankewa bisa yawan jama'a.

Minti uku ba ya ɗaukar dogon share fage. Ka rubuta abin da za ka faɗa, ka karanta shi da ƙarfi a gida kana duba agogo. Shawarata ita ce ka bar ƙididdiga ga ƙungiyoyi, suna da masu yi musu. Abin da ba su da shi shi ne naka: nawa aka riƙe maka, wata nawa ka yi kana bin sa, me ka fasa saya saboda haka. Sannan ka nuna layin da kake so a bari ko a canza, da shafi da lambar layi. Idan Ingilishinka bai zauna ba, wannan ba hujjar zama a gida ba ce. Ka buga jawabin, ka yi kwafi goma sha wani abu, samarin da ke hidima a ɗakin za su raba wa sanatoci, su riƙa bi da ido kana karantawa. Idan fitila ta yi ja kada ka miƙe nan take, domin tambayoyi suna biyo baya, kuma lokacin amsa ba ya cikin mintunanka. Abin da ba ka sani ba ka ce za ka bincika ka aiko, sannan ka aika ɗin. Wanda aiki bai bar shi ya zo ba yana iya tura ra'ayinsa a rubuce ta shafin ƙudurin kafin wa'adin da aka sa.

Bayan zaman, kwamiti na iya tura ƙudurin gaba, ko ya riƙe shi, ko ya kashe shi. Ko ya fito ma, ƙudurori ɗaruruwa ne, kwanaki kaɗan. Saboda haka ka bincika ko wani ya ɗauke shi a matsayin na fifiko: kowane sanata yana da guda ɗaya, kwamitoci biyu-biyu, kakakin majalisa har 25. Wanda ba a fifita ba da wuya ya ga zauren.

A zaure sau uku ake bi ta kansa: muhawarar farko inda ake yawan gyara, ta biyu, sai karatun ƙarshe. Ka haddace lambobi uku. Da ƙuri'a 25 ƙuduri ke wucewa. Idan gwamna ya hau kujerar naƙi, kuma kwana biyar gare shi ban da Lahadi, ana buƙatar 30 a tsallake shi. Idan kuwa 'yan adawa suka shiga jan magana don cinye lokaci, sai an samu 33 kafin a rufe muhawara. Wannan ta ƙarshen ita ce ainihin ma'auni a duk ƙudurin da ake taƙaddama a kai, domin sanatoci 17 sun isa su tsayar da shi. Ernie Chambers, wanda ya wakilci arewacin Omaha shekara 46, ya yi suna wajen sanin waɗannan ƙa'idoji ciki da bai. Idan ka ga ƙudurinka yana da 30 amma bai kai 33 ba, ka san mutum ukun da za ka rubuta wa wasiƙa. Gidan talabijin na jihar yana nuna muhawarar kai tsaye, kuma bene na zauren a buɗe yake ga masu kallo.

Idan majalisa ta yanke abin da bai yi maka ba, da sauran hanya. Tun 1912 kundin jihar ya ba jama'a ikon kafa doka ko soke ta da sa hannu. Sabuwar doka tana buƙatar kashi 7 cikin 100 na masu rajistar zaɓe, gyaran kundi kashi 10, ƙalubalantar dokar da majalisa ta yi kashi 5, kuma dole sa hannun ya bazu a gundumomi 38 daga cikin 93, kada Omaha da Linkon su yanke wa karkara hukunci su kaɗai. An ga aikin wannan a fili: a 2015 majalisa ta soke hukuncin kisa, ta tsallake naƙin Gwamna Pete Ricketts da ƙuri'a 30 cif, aka tara sa hannu, a 2016 masu zaɓe suka dawo da hukuncin. A nan kam, saɓanin zaman kwamiti, sai ɗan ƙasa mai rajistar zaɓe a jihar ne ke sa hannu. Idan ba ka kai wannan matsayi ba tukuna, kuma mai tara sa hannu ya tare ka a bakin kanti da allonsa, ka gaya masa gaskiya ka wuce, kada ka rubuta sunanka don kunya.