Masu mage a gida, ku kai ta asibiti tun tana ƙarama

Jama'a, duk mai mage a gida, ku kai ta asibitin dabbobi a yi mata aikin hana haihuwa tun tana wata 4 zuwa 5. Kada ku jira sai ta haihu sau ɗaya.

Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, ta haihu bayan wata 2. A shekara sai ta haihu sau 2 ko 3, ku rasa wanda zai karɓi 'ya'yan. Idan ta riga ta ɗauki ciki, aikin ya fi wuya, kuɗin ma yakan ƙaru.

Ku fara tambaya a asibitin dabbobi na gwamnati, ko na koyarwa na jami'a, irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Yawanci sun fi sauƙin kuɗi. Ku haɗa kai da maƙwabta ku tafi tare, ku raba kuɗin mota.

Dandaƙar muzuru ta fi araha, amma ba za ta hana magenku haihuwa ba, tunda muzurun unguwa na hawa katanga da dare.

Don Allah kada ku yi mata allurar tazarar haihuwa ta mutane, tana iya sa mahaifarta ta yi ruwa.

Idan tana shayarwa ko ba ta da lafiya, ku dakata sai likita ya duba ta.