Wutar Lantarki Daga Kashin Shanu: Lissafi Kafin A Haƙa Rami

Idan kashin shanu ya ruɓe a cikin rufaffen tanki yana ba da gas mai kama wuta, wanda ake girki da shi ko a tayar da janareta. Abu na farko shi ne auna kashin da ake samu kullum, domin a nan da yawa daga masu wannan aiki ke faɗuwa. Saniyar da ke ɗaure a turke tana ba da kusan kilo 10 a rana, amma wadda ke yini a daji tana kwana a garke ba ta kai haka. Kilo ɗaya na ɗanyen kashi yana ba da gas kamar lita 35 zuwa 40. Gida mai shanu huɗu ke nan yana da lita 1,500 a yini: girkin awa uku zuwa huɗu a murhu ɗaya, ko kuma wutar da ba ta wuce kilowat-awa 2 (yunit biyu a mitar wuta) ba. Ta isa kwan fitila, fanka da cajin waya da daddare. Injin niƙa kuwa sai an haɗa kashin garke da yawa, ko na mahauta.

Ana dama kashin da ruwa daidai wa daida, bokiti ɗaya na kashi, bokiti ɗaya na ruwa, a tsame ciyawa, a bar yashi ya kwanta kafin a zuba. Haɗin yana buƙatar kwana 40 a cikin tankin da iska ba ta shiga. Kashin shanu huɗu da ruwansa kusan lita 80 ne a rana, sau 40 ya zama lita 3,200. A ƙara wurin taruwar gas, a gina mai cin lita 4,000 zuwa 5,000. Bayan cikawar farko a jira sati biyu zuwa huɗu. Gas ɗin farko a sake shi ya tafi nesa da wuta, domin gauraye yake da iska kuma yana iya fashewa.

Kada a haɗa janareta kai tsaye da tanki. Gas ɗin yana ɗauke da laima da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cin ƙarfen inji. A sa matarar ruwa a inda bututu ya fi gangarawa, sannan a bi da gas ta cikin gwangwani cike da soson ƙarfe mai tsatsa, a riƙa canza shi idan ya yi baƙi. Janaretan fetur sai makanike ya gyara kafiretonsa. Na dizal kuma zai ci gaba da shan kusan kashi 20 cikin 100 na mansa.

Idan haɗin ya yi tsami gas ya ƙi kamawa, kashi ne ya yi wa tankin yawa: a daina zubawa na 'yan kwanaki, a sa ruwan toka kaɗan. Ruwan sabulu, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta duk suna kashe ƙwayoyin da ke samar da gas. Da hunturu gas kan ragu, don haka a dama da ruwan da ya sha rana. Yoyo kuwa, kumfar sabulu a mahaɗar bututu ke tona shi.

Ruwan da ke fita ta ɗaya ɓangaren tankin taki ne mai kyau. A kai shi lambu ko a haɗa da karan dawa a rami.