Yadda ake dasa balakberi a tsakiyar sanyin Ingila

Daga Nuwamba zuwa Maris ake dasa balakberi, wata shuka mai dogayen rassa da ke yin ƙananan 'ya'ya baƙaƙe masu zaƙi, a nan Ingila, ko sabon dashe ne aka sayo, ko tsohon gindi ne za a ciro daga inda ya tare hanya. Ina noma ɗan filin haya na ƙaramar hukuma a bayan garin Leeds, kuma a Disamba magariba kan yi kafin ƙarfe 4, saboda haka aikin na safe ne zuwa azahar. Dalilin zaɓen wannan lokaci shi ne shukar tana barci. Girma ya tsaya, ƙarfinta ya koma saiwa, ko an tsinka mata jijiyoyi ba ta da ɗanyen toho da zai nemi ruwa ya rasa. Wasu irin ba sa zubar da ganye duka, sai ka gan su da sauran kore har Janairu. Kada wannan ya hana ka, barcin suke.

Kafin ka taɓa shebur, ka san halin rassanta, domin duk aikin a kansa ya rataya. Saiwar tana iya kai shekara 15 tana bayarwa, amma kowane reshe shekara biyu kawai yake yi. Shekarar farko ya fito daga gindi ya yi tsawo da ganye, shekara ta biyu ya yi fure ya yi 'ya'ya, daga nan ya mutu. Wanda ya ciro gindi da dogayen rassansa yana kwaɗayin 'ya'yan bana, ya ɗora wa saiwar da aka datse nauyin da ba za ta iya ba. Ka haƙura da amfanin shekarar farko tun yanzu.

Sanyi ba shi ne abin tsoro ba, ruwa ne. Ƙasarmu a nan laka ce mai nauyi, tana riƙe ruwa, kuma saiwar da ta yi makonni a jiƙe cikin ruwan sanyi ruɓewa take yi. Wani dattijo da filinsa ke maƙwabtaka da nawa ba ya dasa komai sai ya haƙa rami zurfin bakin shebur, ya juye masa bokitin ruwa, ya tafi abinsa. Washegari ya leƙa. In ruwa na nan kwance yana sheƙi, sai ya girgiza kai ya ce a nemi wani wuri, ko a tada kunya a dasa a kanta. Ni ma hakan nake yi. Ka kuma damƙi ƙasar a hannu: in ta dunƙule tana maƙalewa a yatsu, tana fitar da ruwa, ka jira kwanaki. In ta daskare har shebur na ƙara a kanta, nan ma jira za ka yi. Dashen da ya iso a irin wannan rana, a ajiye shi a rumfa mai sanyi wadda ƙanƙara ba ta shiga, a lulluɓe saiwar da jiƙaƙƙen buhu ko a binne ta a bokitin ƙasa mai danshi. Kada a kai shi ɗaki mai ɗumi, farkawa zai yi.

Wuri mai rana ya fi ba da zaƙi, ko da yake tana jure 'yar inuwa. Ka guji inda aka yi dankalin Turawa, tumatir ko rasberi (ɗan'uwan balakberi mai jajayen 'ya'ya) kwanan nan, saboda cutar da ke zama a ƙasa tana sa shuka yaushi. Ka tone ciyawa mai saiwa tas, don bayan dashe ba za ka iya sa fartanya kusa da gindi ba, saiwarta a sama-sama take.

Sai maganar iri. Na daji da ke cika gefen layin dogo da bakin shinge kyauta ne, amma halinsa ɗaya da sarƙaƙiya, in ya kama rigarka sai ka tsaya kun yi sulhu. Ban ga dalilin kawo shi gona ba. Ga mai ƙaramin fili, Loch Ness nake ba da shawara, irin da aka samar a cibiyar binciken amfanin gona da ke kusa da Dundee a Sikotilan. Ba shi da ƙaya, rassansa a tsaye suke, tazarar mita 2 tsakanin gindi da gindi ta ishe shi. Himalayan Giant kuwa mita 4 yake so, ga ƙaya kamar me. Akwai Oregon Thornless mai kyakkyawan ganye, sai dai rashin ƙayarsa a fatar reshe kawai yake. In ka ji wa saiwarsa rauni wajen haƙa, tsiron da zai ɓullo daga saiwar da ƙayarsa zai fito, sai ka bi shi kana cirewa.

In tsohon gindi za ka ciro, fara da sare duk rassan da suka yi 'ya'ya bara daga tushe. Za ka gane su, sun bushe sun yi ruwan toka, da ragowar kwanson 'ya'ya a jikinsu. Sababbin ka rage su zuwa santimita 25. Ka haƙa sabon ramin tukuna, don kada saiwa ta zauna a iska. Sannan ka zagaye gindin da shebur, nisan kamar santimita 30, ka cusa ƙarƙashi ka ɗago shi da ƙasarsa a baro. Jijiyar da ta karye ko ta yi baƙi a datse ta da kaifi. Wanda aka sayo da saiwa tsirara, a jiƙa shi a bokiti awa ɗaya ko biyu.

Ramin ya zama mai faɗi, ba mai zurfi ba. Nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu, suna ganin binnewa da zurfi kariya ce daga sanyi. Duba gindin da kyau, za ka ga layin da tsohuwar ƙasa ta tsaya, ƙasansa duhu, samansa haske. A nan sabuwar ƙasa za ta tsaya, saiwar sama ta samu rufin kamar santimita 8. A ƙasan layin akwai 'yan idanu farare masu ɗan ja, su ne rassan bana, kada yatsa ya goge su. Ka baza saiwar, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki bokiti guda, ka mayar, ka danna da dunduniyar takalmi a hankali. Ɗanyen kashin doki ko na kaji ƙona saiwa yake. A ba shi ruwa sau ɗaya don ƙasa ta zauna, sauran kuma ruwan sama zai yi. Takin zamani a bar shi sai ƙarshen Fabrairu ko Maris.

Duk lokacin da aka yi daskarewa mai ƙarfi ta narke, ka koma ka duba. Ƙanƙara kan ɗaga sabon dashe ta bar kogo ƙarƙashinsa, sai a sake dannawa. A Maris a shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace kaurin santimita 5, amma a bar wuyan gindin a buɗe.

Turaku da waya ma yanzu ake kafa su, tun babu reshen da zai tare ka. Turke mai tsayin mita 1.8 a sama, a ja waya layi uku ko huɗu, ta farko a santimita 90, tsakaninsu santimita 30. Rassan da suka fito bana ka ɗaure su duka gefe guda, na baɗi su bi ɗaya gefen. Da haka masu 'ya'ya ba sa cakuɗewa da sababbi, kuma ranar sara ba sai ka yi ta laluben wanne ne wanne ba.

'Yan'uwa a gida kan tambaye ni ko a aiko musu. Waɗannan irin suna buƙatar ɗaruruwan awoyi a sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin su yi toho da kyau, kuma hunturun Kano ko Zinder ba ya ba da hakan.

Gindi guda ya isa a fara da shi. A Agusta ko Satumba ka lanƙwaso kan wani sabon reshe, ka binne shi zurfin santimita 10, ka danne da dutse. Kafin ƙarshen sanyi ya yi saiwarsa. Sai ka yanke shi daga uwar, ka bar masa kara santimita 25, ka ciro shi da ƙasarsa ka kai sabon rami.